Jinin Mijin Rahma

Dudunni, Kusada

Zuwa ga ɗiyata Ruqayya, a Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai Dada da ƙafa ke damu. Ruwa ya sauka sosai, gero ya yi ciki. Ki yi haƙuri da rubutun, da girmana na koye shi a makarantar matan aure ta Kusada. In kin ga harafi ya kwanta, ki tashe shi da kanki.

Za ki ce mi ya hana in kira ki a waya. Ni ba ni da waya, ta surukata Dada ake kira, ita kuma kunnenta ya yi nauyi, sai an buɗe murya duk gida na ji. Wanda nike son tambaya a kanshi kuwa ɗan farina ne. Ban taɓa kama sunanshi ba, ban taɓa tambayar lafiyarshi gaban mutane ba. Tun da aka yaye shi Dada ta ɗauke shi. To yanzu da furfurata in tsaya gabanta ina cewa ya jikin ɗana? Bakin ba ya buɗewa. Shi ya sa na ɗauki biro. Labaran direba zai kawo maki, shi kuma zai amso mani amsa.

Na je Kankia da sunan duba matarshi Rahma. Na iske shi zaune a zaure, ya daina zuwa ofis. Ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango kamar yadda aka saba, amma abin da na gani na gani. Ido ya yi ɗorawa, wuya ya zama siriri, ciki ya yi gaba. Rahma ta ce mani, "Shawara ce, Inna." Na san shawara, na yi jinyarta ba sau ɗaya ba. Wannan ba ita ba ce.

An ce lokacin da ya je asibitinku ke kika ɗebi jininshi, tun da a ɗakin gwajin jini kike aiki. Mahaifinki ɗan ƙanen babana ne, a gida ɗaya muka tashi a Tafashiya, don haka ba ki da hanyar ɓoye mani. Mi ke damun mijin Rahma?

Gwaggonki,
Haulatu


Zariya

Zuwa ga Gwaggo Haulatu.

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, kuma babu harafin da na tayar, duk a tsaye na same su. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. A gaishe da Dada da ƙafa.

Gwaggo, tun da kin ce kada in ɓoye, ba zan ɓoye ba. Yaya Basiru yana da ciwon daji a hanta, kuma ya wuce inda za a yi aiki a cire. Shi ya sani, Rahma ma ta sani. Sun yi shiru ne don Dada.

Amma akwai ƙofa ɗaya. Wasu likitoci a nan suna bincike a kan wani magani da ake ƙara wa mutum ta jijiya. Maganin ba shi ne ke kashe ciwon da kansa ba. A cikin jinin kowa akwai ƙwayoyi farare masu tsaron jiki. Wasu suna fitowa da yawa in akwai kumburi ko ƙurji ko zazzaɓi. Wasu kuma aikinsu su gane ƙwayar daji su far mata. Maganin waɗannan na biyun yake tayarwa. In an duba jinin mutum aka ga na biyun suna da yawa kuma da ƙarfinsu, ana sa ran maganin zai kama. In kuwa sun yi kaɗan, na kumburi sun rinjaye su, yawanci wahala kawai mutum yake sha. Ba duba ba ne, Gwaggo, hasashe ne na masu ilimi, Allah ne masani. Amma da shi suke zaɓar wanda za su ɗora, don maganin ba shi da yawa.

An ce ya dawo bayan tsayuwar wata a ɗebi jinin. Jininsa ne zai nuna. Kafin nan ya huta, ya ci abin da ciki ya karɓa.

Shi dai bakinsa lafiya lau. Da ya gan ni da allura cewa ya yi, "Ga mayyar gidanmu nan. Duk Zariya ba ki sami na sha ba sai na taubashinki?" Na ce masa nasa ma ba daɗi, haƙuri nake yi. A ci gaba da addu'a.

'Yarki,
Ruqayya


Dudunni, Kusada

Ɗiyata Ruqayya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Nan ma lafiya, wake ya fara fure.

Takardarki sai da na karanta ta sau da yawa a bayan rumbu. Inda kika rubuta sunan ciwon na daɗe ban wuce wurin ba. Da na wuce, sai na ga kin ce jininshi ne zai nuna. Nan na ji ƙafata ta taka ƙasa, don wannan kam akwai abin da uwa za ta iya.

Na yi tunani, mutum ya daɗe kwance, ai jikinshi cike yake da mataccen jini. In aka je aka ɗebo wannan, mi zai nuna in ba mugun labari ba? Ko hatsi za a kai a gani ai sai an sheƙe shi. Sai na aika aka kira Mamuda wanzami daga Mawashi. Shi ya cire mashi beli yana jariri, shi ya yi mashi kaciya, hannunshi sananne ne a gidan nan. Na ce ya tafi Kankia ya kafa ƙaho a baya da gefen dama inda ciwon yake. Na ce ya faɗa wa Rahma saƙona ne.

Da ya dawo ya ba ni labari. Ya ce da farko mutumin ya ƙi, ya ce likita bai ce a yi ba. Mamuda ya ce mashi, "Kai ɗan boko, ranar da na yi maka mai wuyar ba ka nemi izinin likita ba, yau da gemunka za ka guji aska?" Sai ya yi dariya ya tuɓe riga. Mamuda ya ce bai taɓa ganin baƙin jini irin wannan ba, kuma ya daɗe bai tsaya ba, har sai da ya danna da toka. Ya ce wannan alama ce dattin da yawa yake, gara da ya fita.

Ruqayya, tun da na gan shi a zauren nan ban ci abinci na ji daɗinshi ba sai ranar. Yanzu in ya zo, mai kyan za ku samu. Ki duba da kyau, kada ki yi sauri. Na ba Labaran kuka da daddawa ya kawo maki.

Gwaggonki,
Haulatu


Dudunni, Kusada

Ruqayya,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta hana ki rubutu. Mu muna nan.

Wata ya tsaya, ya yi tsakiya, har ya fara lalacewa, ba amsarki. Labaran ya rantse a hannunki ya ba da takardata, ya ce kin karanta a tsaye a tasha, kin juya kin tafi, har kukar kika manta a motarshi. Ya sake komawa, aka ce kina wurin aiki.

Na je Kankia na iske gida rufe. Maƙwabciyarsu ta ce tun kafin wata ya tsaya aka tafi da shi, jikin ya yi zafi, rigarshi na mannewa a baya. Yara suna gidan iyayen Rahma. Ba wanda ya aiko mani.

Rahma ta kira Dada sau biyu. Ina tsakar gida ina tankaɗe, na kasa kunne. Dada na ta cewa, "Iye? Ɗaga murya, 'yar nan!" Abin da na ji kawai shi ne da sauƙi. Kowa da sauƙi yake cewa, har wanda ake haƙa wa kabari. Dada ta juyo ta ce mani, "Haulatu, ba ki tambaya?" Na ce, "Ai kin tambaya, Dada." Na ci gaba da tankaɗe, garin na zuba ƙasa ban sani ba.

An ɗebi jinin? Mi ya nuna? Ko layi ɗaya ne ki rubuto. In laifi na yi maki, ki faɗa, ni ba na fushi da ɗiya.

Haulatu


Zariya

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara kan shiruna. Muna lafiya. Na fara rubuta miki amsa na yaga, don abin da ya fito daga hannuna a lokacin bai dace 'ya ta faɗa wa uwa ba. Yanzu zuciyata ta sauka.

Mai ciwon hanta jininsa ba ya saurin daskarewa, shi ya sa na Yaya Basiru ya ƙi tsayawa. Ba datti ba ne. Tsagar kuma ta ƙi warkewa, ta yi ruwa, zazzaɓi ya shiga. Da aka kawo shi sai da aka kwantar da shi aka ƙara masa jini. An yi gwajin duk da haka, ƙwayoyin kumburin nan da na faɗa miki suka fito fal, sun rufe komai. Babbar likitar ta ce wannan jinin ba zai gaya musu gaskiyar ciwon hantar ba, labarin gyambon baya kawai yake bayarwa. Sai an warkar da bayan, zazzaɓi ya sauka, jikin ya natsu, sannan a sake ɗiba. Ba su ce a'a ba. Amma ciwon ba ya jiran kowa, kuma waɗanda jininsu ya nuna da kyau an fara ɗora su.

Laifin ba naki ke kaɗai ba ne. Ni da na tashi a gidan da ake kafa ƙaho kowace bazara, ya kamata in rubuta miki a fili cewa kada a taɓa shi da aska. Na yi ta bayanin ƙwayoyi na manta da Mamuda.

Na yi wa Yaya faɗa, na ce kai da ka yi karatu, ka ji abin da likita ya ce, me ya kai ka? Sai ya ce, "Ruqayya, tun da nake, komai daga Inna ta hannun Dada yake zuwa, da sunan Dada. Ko rigar salla. Wannan ne karo na farko da aka ce mini saƙon Inna ne. Ke da ke ce, za ki mayar?" Ya ce kada a gaya miki abin da ya biyo baya, shi ya sa Rahma take cewa da sauƙi. Ni dai na yi miki alkawari tun farko.

Yana shan kunu kaɗan-kaɗan. Jiya ya ce wa Rahma ta ɓoye hannunsa ga mayya nan tafe.

'Yarki,
Ruqayya


Dudunni, Kusada

Ruqayya,

Sallama. Muna lafiya. An fara yankan gero.

Na karanta. Ban iya zuwa gona ba, na ce masu kaina ke ciwo.

Ina da tambaya biyu, ki amsa mani su kamar yadda kika saba, ba kwana. Ta farko, in aka sake ɗiba aka ce a'a, ni ce sila? Ta biyu, ni na haife shi, jinina ne a jikinshi. Nawa lafiyayye ne, ban taɓa kwanciya asibiti ba, har yanzu ni ke daka wa kaina. Ba za a iya ɗibar nawa a duba a madadin nashi ba? Ko a juye mashi masu tsaron nan daga jikina, duk su kwashe, ni mi zan tsare da su? Labaran ya ce akwai wuri a mota. Sai in ce wa Dada za ni gaishe ki da haihuwar bara da ban zo ba.

Mamuda ya zo tambayar jikin, yana ta murna da aikinshi. Ban faɗa mashi ba. Tsoho ne, abin da na sa shi ya yi.

Kada ki daɗe wannan karon.

Haulatu


Zariya

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kaka, ina gaishe da Dada. Mu muna lafiya.

Ta biyun zan fara amsawa. Ba ya yiwuwa. Kowane jiki da masu tsaronsa, naki ba su san ciwonsa ba, kuma abin da ake son gani shi ne nasa za su iya tashi ko ba za su iya ba. Na karanta wa abokiyar aikina wurin da kika ce duk su kwashe, sai ta fita waje.

Gyambon bayan ya warke, zazzaɓi ya sauka, an sake ɗiba. Ni na roƙa aka ba wani ya duba. Masu yaƙar ciwon sun yi kaɗan ƙwarai, Gwaggo, waɗanda suka rage ma sun gaji. Akwai kuma wani abu da ciwon yake zubarwa a cikin jini, shi ma ya hau sosai. Hantar ta ƙara rauni. Likitar ta ce in aka ɗora shi yanzu, abin da ya fi yiwuwa shi ne maganin ya ƙarasa hantar bai taɓa ciwon ba. Ba za su ɗora shi ba.

Ta farkon kuma. Na tambaye ta kai tsaye, da ba a yi ƙahon ba fa? Ta ce a ganinta da wuya amsar ta canja, don irin wannan raguwar ba a wata ɗaya take faruwa ba, ciwon ya daɗe yana cin su. Ba ta ce tabbas ba, ni ma ba zan ƙara miki abin da ba ta faɗa ba. Ƙahon ya ci lokaci, ya ci ƙarfi. Amma ba shi ya kawo ciwon ba, kuma ban yarda shi ya rufe ƙofar ba.

Za su ba shi magungunan rage zafi, su nuna wa Rahma yadda za ta kula da shi. Ya ce ba Kankia zai koma ba, Dudunni yake so.

Saura magana ɗaya. Masu binciken sun nemi su ajiye jinin da suka ɗiba a cikin firji, su ci gaba da nazari a kansa shekara da shekaru, don da jinin waɗanda maganin bai dace da su ba ake ƙara gane waɗanda zai dace da su. Yaya ya yarda nan take. Ya ce, "Ke dai kin samu na ajiya, mayya." Amma Rahma hankalinta bai kwanta ba. Ta ce yaya za a rufe mutum a Dudunni, wani abu nasa yana Zariya cikin ƙanƙara? Sun yi ta ja, sai ya ce a tambayi Inna, abin da ta ce shi ke nan. Suna jiran amsarki kafin a sallame shi.

'Yarki,
Ruqayya


Dudunni, Kusada

Ɗiyata Ruqayya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya ba ki masu yi maki. Mu nan muna lafiya. An gama ɗaurin gero, saura dawa.

Na gode da ba ki yi mani ƙarya ba. Da kin ce babu ruwan ƙahon ko kaɗan, da ban yarda da sauran maganarki ba. Abin da ya rage tsakanina da Ubangijina ne.

Maganar Rahma ni ma ta tsaya mani. Na je wurin Malam Dabo na Islamiyya, na ce wata mata ce ta aiko ni, ɗanta ba lafiya, likitoci na son su ajiye jininshi. Ya ce jinin da ya riga ya bar jiki ba ya cikin abin da ake yi wa sutura, in mai shi ya yarda kuma wani bawan Allah zai amfana, shi bai ga laifi ba. Na yi godiya na tashi. Ina bakin ƙofa ya ce, "Haulatu, Allah ya ba ɗan matar nan sauƙi." Na ce amin ban waiwaya ba.

Na faɗa wa Dada. Ba zan iya bari ta gan shi haka kwatsam ba. Sai da na ɗaga murya kafin ta ji, don haka duk gidan sun ji. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a fitar da buhunan da ke ɗakin kusa da nata, a share, a yi shafe. Na yi. Na sa an gyara ƙofar don kada ta riƙa ƙara. Na jiƙa gero, in ma cokali biyu zai sha, a samu.

Ki ce wa Rahma ta kwantar da hankalinta, ta biyo ta Kankia ta ɗauko yara. Ki ce wa Labaran kada ya cika motar, ya bi a hankali daga Kusada zuwa nan, ruwan bana ya cinye hanyar. A sa mashi matashi ta gefen dama.

Su kuma likitocin, ki ce masu na ji. Wata uwar tana can ba ta san ma za ta zo wurinku ba, Allah ya sa ita a ce mata i. Abin da suka ɗiba su riƙe. Sauran ki kawo mani shi tun yana iya zama a mota.

Kada ki tsaya rubuta amsa.

Gwaggonki,
Haulatu